A Sauke wa Maƙogwaro Kayan da Ba Nasa Ba

Duk wanda ya zauna ajin Hausa a sakandare ya haddace cewa akwai baƙaƙe masu ziza, akwai marasa ziza. An rubuta a allo, an kwafa a littafi, an amsa a jarrabawa, an manta. Ƙannena, ina so ku koma wa wannan darasi, amma wannan karon da yatsa. Ku ɗora yatsu biyu a kan zakaran wuya, ku ja sautin "s" ya yi tsawo, sannan ku mayar da shi "z" ba tare da kun motsa harshe ba. A na farko iska ce kawai ke wucewa. A na biyu za ku ji wani abu yana karkarwa a ƙarƙashin fata. Daga wannan 'yar karkarwa duk wata waƙa ta fito, tun daga ta mai daka har ta makaɗin fada, kuma da ita ladan da alaramma da sha'iri da malamin aji suke aikinsu.

Abin da ke karkarwar wasu 'yan tantani ne guda biyu a cikin maƙogwaro, waɗanda littattafan tsarin sauti ke kira tantanin maƙwallato. Suna kwance daga gaba zuwa baya a bakin bututun da ke kai iska huhu. Ta gaba a haɗe suke, daidai bayan zakaran wuya, ta baya kuma suke buɗewa su rufe. Tsawonsu a babban namiji milimita 17 zuwa 25 ne, a mace kuwa kimanin 12 zuwa 17. Ku dubi gaɓar ƙarshe ta ɗan yatsanku, iyakar abin ke nan. Aikinsu na farko ma tsaron rai ne: suna rufewa idan mutum zai haɗiye, don kada tuwo ko ruwa ya faɗa huhu. Shi ya sa wanda ruwa ya sarƙe yake tari kamar ransa zai fita. Magana da waƙa ƙari ne a kan wannan aiki.

Idan za ka yi sauti, tsokoki suna jawo tantanin biyu su haɗu. Iskar da ke tasowa daga huhu ta iske hanya a rufe, sai ta taru a ƙasa har ƙarfinta ya ture su, su buɗe daga ƙasa zuwa sama. Da zarar 'yar iska ta kuɓuce, matsin ya ragu, sai su koma su haɗe. Matsin ya sake taruwa, su sake buɗewa. Haka abin ke maimaituwa kusan sau 120 a sakan ɗaya idan babban namiji yana hira, wajen sau 200 a mace, har ya kusa 300 a ƙaramin yaro. A shekarun 1950 masana sun yi ta ja-in-ja kan wannan. Wani Bafaranshe, Raoul Husson, ya ce ƙwaƙwalwa ce ke aiko umarni ga kowace buɗewa, ɗaya bayan ɗaya. Wani ɗan ƙasar Holan, Janwillem van den Berg, ya nuna a 1958 cewa tsoka saita tantanin kawai take yi, iska ce ke kaɗa su. Maganarsa ce ta tabbata, kuma a kanta duk nasihar tawa ta rataya. Saiti ne rabon maƙogwaro, aikin ƙarfi kuwa na numfashi ne. Duk mawaƙin da kuka ga jijiyoyin wuyansa sun tashi, haɓarsa ta miƙe sama, idanunsa sun kaɗa sun yi ja, to ya ɗora wa maƙogwaro kayan da ba nasa ba, kuma ko ba jima ko ba daɗe zai biya.

Wanda aka fi danganta wa fara ganin wannan abu yana aiki a jikin mai rai, malamin waƙa ne, ba likita ba. Manuel Garcia, ɗan asalin Sifaniya, a 1854 ya sami ɗan madubin da likitan haƙori ke amfani da shi, ya kai shi can ƙuryar bakinsa, ya haska shi da hasken rana ta wani madubin, sai ya ga tantanin nasa suna buɗewa suna rufewa yayin da yake rera sauti. A 1855 aka gabatar da bayaninsa gaban ƙungiyar masana kimiyya ta Landan. Ya rayu shekara 101, sai a 1906 ya rasu. Abin da ke burge ni a labarinsa shi ne, ya riga ya yi suna wajen koyar da waƙa, amma bai yarda ya ci gaba da koyar da abin da bai gani ba.

To, ta yaya murya ke hawa da sauka? Ku lura da mai kalangu. Fatar ba ta sauya ba, abin kiɗan bai sauya ba, amma idan ya matse tsirkiyoyin a hammata fatar ta ɗaure, sai sautin ya hau. Ya sassauta, sautin ya sauko ya yi kauri. Haka abin yake a wuya. Akwai tsokar da ke ɗan karkata guringuntsin zakaran wuya, ta ja tantanin su yi tsawo su sirance, sai kaɗawar ta ƙara sauri, murya ta hau. Akwai wata tsokar a cikin jikin tantanin, idan ta tsuke sai su gajarce su yi kauri, murya ta sauko. Inda mai kaurin ta fi rinjaye shi ne abin da masu koyar da waƙa ke kira muryar ƙirji, inda mai jan ta fi rinjaye kuma muryar kai. Tsakaninsu akwai wani ɗan wuri da ɗaya ke miƙa wa ɗaya ragama, kuma nan ne muryar ɗan koyo ke karyewa har 'yan aji su kwashe da dariya. Mafi yawan yara, don gudun wannan dariya, sai su ja muryar ƙirji da ƙarfin tsiya su kai ta inda ba za ta iya ba. Gyaran abin a hankali ake yinsa: ka rufe baki kana gunji ƙasa-ƙasa, ka zame daga ƙasa zuwa sama ka dawo, ba tare da ɗaga murya ba, kullum kaɗan, har tsokokin biyu su saba da juna.

Ga masu cewa "ni ba ni da murya" kuwa, ina da 'yar magana. Bahaushe tun yana goye yake koyon hawa da saukar sauti, domin da karin sauti yake bambanta kuka ta miya da kukan jinjiri. Yaron da ya iya wannan kunnensa yana ji, tsokokinsa kuma suna bin kunnen. Waɗanda aka haifa ba sa iya bambanta sauti kaɗan ne ƙwarai. Yawancin masu fita daga kari rashin sabo ne, da kuma wani babba da ya taɓa ce musu su yi shiru.

Yanzu mu zo kan numfashi, inda na fi so mu daɗe. Huhun babban namiji yana ɗaukar iska kusan lita 6, amma numfashin wanda ke zaune yana hutawa bai wuce rabin lita ba. Ƙarƙashin huhu akwai wata faffaɗar tsoka da ta raba ƙirji da ciki. Idan ka shaƙi iska tana sauka ƙasa, ta tura kayan ciki, shi ya sa cikin jariri mai barci yake tashi yana sauka alhali kafaɗunsa ba sa motsi. Mu manya ne muka ɓata abin, idan aka ce mu ja numfashi sai mu ɗaga kafaɗa mu tsuke ciki, mu cika saman ƙirji da iskar da ke neman kuɓucewa lokaci guda. Ita kuma idan ta taso da gudu, babu mai tare ta sai maƙogwaro, sai ya shaƙe don ya riƙe ta. Asalin yawancin wahalar ke nan.

Ku ɗauki misalin masu kwaikwayon Shaihu Abdulbasiɗ Abdussamad na Masar, wanda ya rasu a 1988 amma har yau yaranmu masu shiga musabaƙa suna bin sawunsa. Karatun Alƙur'ani ba waƙa ba ne, kowa ya sani, sai dai gaɓoɓin da ke fitar da su ɗaya ne. An san Shaihin da dogon numfashi, yana haɗa ayoyi da dama a ja ɗaya. Yaro ya ji haka, sai ya ɗauka sirrin yana cikin yawan iskar da aka haɗiya. Ya cika ƙirji taf, ya fara da ƙarfi, kafin tsakiyar aya rabin iskar ta tafi, ya ƙarasa da murɗe wuya fuskarsa ta haɗa gumi. Dogon numfashi tattali ne. Mai shi yana barin haƙarƙarinsa a buɗe, yana sakin iskar kaɗan-kaɗan a ma'auni ɗaya, tantaninsa kuma suna haɗuwa sosai yadda iska ba ta yoyo a banza. Kuna iya gwadawa: ku kwanta rigingine, hannu a kan cibiya, ku shaƙa har hannun ya tashi, sannan ku saki iskar da sautin "s" siriri wanda ba ya rawa. Ku lura da agogo. Kada ku nemi kai ƙarshen iskar har ku galabaita. Abin nema shi ne sautin ya fito daidai daga farko har ƙarshe. Bayan wasu makonni za ku ga lokacin ya ƙaru ba tare da huhun ya ƙara girma ba.

Sautin da tantanin ke fitarwa shi kaɗai ba shi da daɗin ji, 'yar zizar nan ce kawai. Abin da ke mayar da shi murya shi ne hanyar da yake bi kafin ya fito, daga maƙogwaro zuwa leɓe, kimanin santimita 17 a babban namiji, tare da kogon hanci. Ku rera "a", "i", "u" a sauti ɗaya ba hawa ba sauka. Tantanin ba su sauya komai ba, harshe da leɓe da muƙamuƙi ne suka sauya siffar hanyar, ita kuma ta ƙarfafa wasu sassan sautin ta danne wasu. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Johan Sundberg, ya bincika dalilin da ya sa mawaƙan manyan ɗakunan wasan Turai ke tsallake ƙarar makaɗa masu ɗimbin yawa ba tare da makirfo ba. Ya gano cewa suna daidaita maƙogwaro yadda ƙarfin sautin ke taruwa a wajen kaɗawa 3,000 a sakan, wurin da kunnen ɗan Adam ya fi kaifin ji. Wannan shi ne amo, kuma ya bambanta da ƙara. Wani zai ƙwala ihu ba a ji shi a bayan taro ba, wani ya buɗe baki ba wahala a ji shi a ƙofar gari. Mawaƙiya Ummu Kulsum, wadda mahaifinta limamin ƙauye ne kuma a wajensa ta koyi karatun Alƙur'ani da fitar da harafi daga mafitarsa, ta yi shekara da shekaru tana wasa a Alhamis ta farkon kowane wata, waƙa ɗaya tana iya cin sa'a guda, kuma takan tsaya nesa da makirfo. Ba da ƙwala murya ake yin irin wannan ba.

A nan ne kuma bambancin mutum da mutum yake. Tsawon wuya, faɗin baki, siffar hanci da kaurin tantani ba sa zuwa ɗaya. Kwaikwayo hanyar koyo ce, babu mawaƙin da bai fara da shi ba, amma salo ake ara, ba a aron maƙogwaro. Kada kuma ku firgita idan kun ji muryarku a waya kuka ga ta sirance. Idan kana magana kana jin kanka ta iska da kuma ta ƙasusuwan kai, su kuwa suna ƙara mata kauri. Ta wayar ita ce wadda duniya ta daɗe tana ji.

Mawaƙanmu na da ba su karanta Garcia ba, amma tsarin waƙarsu yana kare murya. Ku saurari faifan Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999 bayan ya shafe gomman shekaru yana waƙa. Ba ya nisa da muryar da yake magana da ita, kuma duk bayan 'yan ɗiya sai 'yan amshi su karɓa, shi kuma ya sami sararin numfashi da haɗiyar yawu. Haka Narambaɗa, haka Ɗanƙwairo, haka Barmani Choge da matan da ke mata amshi. Ɗan Maraya Jos ba shi da 'yan amshi, amma kuntiginsa yana cike masa gurbin. A ganina wannan ne ya sa suke iya raba dare suna waƙa, gobe ma su sake.

Yau abin ya juya. A 1997 wani injiniya Ba'amurke, Andy Hildebrand, wanda ya taɓa aikin nazarin amsa-kuwwar ƙarƙashin ƙasa don neman man fetur, ya fito da manhajar Auto-Tune mai gyara sautin da ya kauce. Ba na cikin masu tsine mata. Kayan aiki ce, an kuma yi waƙoƙi masu daɗi da ita. Damuwata ita ce yarinyar da ta tashi tana jin siririyar muryar nan ta waƙoƙin fim, wadda aka aro salonta daga finafinan Indiya sannan kwamfuta ta ƙara goge ta, sai ta ɗauka haka muryar mace take. Ta shiga situdiyo ta tarar an riga an buga kiɗan a fiyano can sama, kunya ta hana ta magana, ta yi ta maimaita baiti ɗaya tana taƙarƙarewa. Kwamfuta za ta gyara abin da aka ɗauka, amma ba ta sauke kumburi. Ƙanwata, ki buɗe baki ki ce a sauko miki da kiɗan. Aikin minti ɗaya ne a wajen mai fiyano, kuma mawaƙan da suka san kansu kullum suna neman haka.

Ku yi lissafi da kanku. Wadda ke rera sauti mai kaɗawa 440 a sakan, tantaninta sun haɗu sau 26,400 a minti ɗaya. Idan da taushi suke haɗuwa, jiki yana ɗauka. Idan da duka ne, sai laushin da ya lulluɓe su ya kumbura, in aka ci gaba ya yi kanta a tsakiya, ɗaya a kowane gefe, su kasa rufuwa sosai. Sai murya ta dishe, iska tana yoyo, saman muryar ya ɓace. Mugun abin shi ne sau da yawa ba ya zuwa da ciwo, dishewar ita ce kaɗai saƙon. Wani lokaci kuma 'yar jijiyar jini ce ke fashewa, murya ta ɗauke nan take. Haka ya faru da mawaƙiyar Ingila Adele a 2011, ta soke wasanninta na Amurka, aka yi mata aiki a Boston, ta dawo a farkon 2012. Ita kuwa mawaƙiya Julie Andrews ba ta yi wannan sa'ar ba. Bayan aikin da aka yi mata a 1997 muryar waƙarta ba ta koma yadda take ba. Waɗannan masu kuɗin ganin kowane likita ne a duniya. Kuma ɓarnar ba lallai a wajen waƙa ake yinta ba. Ihun gidan kallon ƙwallo, hira kusa da lasifika a gidan biki, kirari a taron siyasa, yawan kakari da gyaran murya, duk duka ne. Raɗa da ƙarfi ma ba hutu ba ce. Wanda muryarsa ta dishe ya yi shiru, ko ya yi magana a hankali da muryarsa ta kullum.

Sai batun magunguna. Zuma da citta da kanumfari da lemon tsami suna da daɗi a maƙoshi, ban hana kowa ba. Amma ku tuna aikin tantanin na farko: duk abin da aka haɗiye ta wata hanya yake bi, ba ya taɓa su, in ya taɓa su kuwa tari za a yi. Abin da ke kai musu shi ne abin da aka shaƙa da abin da ya bi jini. Saboda haka ruwan da ka sha da safe shi ne ke jiƙa su da rana, tururin ruwan zafi da aka shaƙa a hankali yana kai musu laima, hayaƙin taba da na shisha kuma yana sauka a kansu kai tsaye. Lokacin hunturu, da iska ta bushe ƙura ta tashi, ku shaƙa ta hanci ku rufe baki da rawani ko gyale a kan babur. Masu jan baƙi a tafsiri da masu limancin tarawihi da tahajjudi su rarraba shan ruwa tsakanin buɗa-baki da sahur, kada su tara shi lokaci guda. Mai cin yaji da maiƙo ya kwanta nan take, ruwan ciki mai tsami yana iya tasowa har maƙogwaro cikin dare, ya wayi gari da murya a dishe bai san dalili ba. Ku guji kuma sayen ƙwayar rage kumburi a kemis don a samu a yi wasan dare. Tana ɓoye raunin ne, mutum ya hau kansa ya ƙara taka shi.

Ku samari 'yan shekara goma sha biyu zuwa sha biyar da ake ji da muryarku a Islamiyya, akwai ranar da za ku tashi ta fara fashewa. Maƙogwaro ne ke girma, tantanin suna ƙara tsawo da kauri cikin ɗan lokaci, har saurin kaɗawarsu ya ragu da kusan rabi, tsokokin kuma ba su riga sun saba da sabon ma'aunin ba. 'Yan mata ma tasu tana sauka, sai dai kaɗan. Ba a rasa murya a wannan lokaci, sabuwa ce ke zuwa, kuma takan ɗauki shekaru kafin ta zauna. Ku ci gaba da rerawa a inda ya yi muku sauƙi. Malamai kuma, don Allah, kada ku tilasta wa yaro ya hau inda yake hawa bara saboda an sa ranar walima.

Dishewar da ta biyo bayan mura ko dogon wasa takan wuce cikin 'yan kwanaki idan an huta. Wadda ta kai mako uku zuwa huɗu, ko muryar da ta ɗauke farat ɗaya ana cikin waƙa, ta likitan kunne da hanci da maƙogwaro ce. Akwai su a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya, akwai kuma cibiyar kula da kunne ta ƙasa a Kaduna. Da madubi ko siririyar na'ura mai haske za a leƙa tantanin, cikin 'yan mintuna an gama. Kantar da na ambata yawanci hutu da gyara yadda ake amfani da murya ne maganinta, ba wuƙa ba. Idan kuma akwai wani kawu ko baba a gidanku mai shan taba wanda muryarsa ta yi watanni a dishe, ku lallaɓa shi ku kai shi, domin ciwon dajin maƙogwaro sau da yawa da dishewa yake fara sallama, kuma wanda aka gano da wuri ana warkar da shi.